Tsamiya, Zobe da Dam ɗin Bakolori: Ina Ƙarfin Tunani Ya Tsaya?



Duk wanda ya tsaya gaban wannan allo, ina roƙon ya yi mini abu ɗaya kafin ya ci gaba. Ka tuno ɗanyar tsamiya, irin mai ɗan karen tsamin nan da ke sa haƙora su mutu. Ka ɗauka ka ɓare ta, ka ɗora a kan harshe, kana tsotsa a hankali. To, me ya faru a bakinka? Na san da yawanku yawu ya taru. Ga shi babu tsamiya a hannunka, babu ita a jikin allon nan, rubutu kawai ka karanta. Amma yawun na gaske ne, har sai da ka haɗiye shi.

Wannan ɗan abin shi ne ƙofar wata babbar tambaya da mutane suka daɗe suna gardama a kanta: shin tunanin mutum yana iya canza abin da ake gani ake taɓawa? Yanzu gardamar ta shigo wayoyin yayyenmu. Akwai bidiyoyi a TikTok da Facebook da ke cewa in ka tsayar da tunaninka a kan kuɗi ko mota, ka yi ta hango su a zuci safe da yamma, to za su zo su same ka. Akwai ma littafin Turanci mai suna The Secret da wata mata 'yar Ostareliya, Rhonda Byrne, ta fitar a 2006, wanda ya yaɗa wannan magana a duniya. Abin da na fahimta bayan karatu da tambayar malamai shi ne, tunani yana da ƙarfi ƙwarai, amma ƙofa biyu yake fita ta cikinsu: ta jikin mai tunanin, da ta aikin hannunsa. Masu cewa akwai ƙofa ta uku an sha ba su dama su nuna ta, har yau ba su nuna ba.

Mu fara da jiki. A darasin kimiyya an koya mana cewa ƙwaƙwalwa tana haɗe da sassan jiki ta hanyar jijiyoyi, kamar yadda wayoyin lantarki ke tashi daga taransifoma su shiga gida gida. Da ka tuno tsamiya, ƙwaƙwalwa ta aika saƙo zuwa wuraren da ke samar da yawu, su kuma suka yi aikinsu. Wani masani ɗan Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1904 saboda bincikensa kan narkewar abinci, ya lura karnukansa suna dalalar da yawu tun kafin abinci ya iso, da sun ji ko sun ga alamar da suka saba tana zuwa tare da shi. Mu ma haka muke. Ka tuna lokacin da malamin lissafi yake bin rajista yana neman wanda zai fito gaban allo, kai kuma ba ka yi aikin gida ba. Gabanka yana dukan uku uku, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe. Babu wanda ya taɓa ka. Tsoro ne ya sa wasu ƙananan halittu da ke zaune a saman ƙoda suka zuba wani sinadari mai suna adirenalin cikin jini, shi kuma ya ƙara wa zuciya gudu.

Likitoci sun san wannan sosai, har suna da abin da suke kira filasibo. Ƙwaya ce ko allura da babu magani a cikinta, sukari ne ko ruwan gishiri, amma maras lafiya yana zaton magani ne. Abin mamaki, wasu sukan ce ciwon ya ragu. Da can ana cewa ai kunya ce ke sa su faɗi haka don kada likita ya ji ba daɗi. Sai a 1978 wasu masana uku a birnin San Faransisko na Amurka, Levine da Gordon da Fields, suka yi gwaji a kan mutanen da aka cire wa haƙori. An ba su filasibo, wasu suka ji sauƙi. Daga nan aka ba su wani magani mai suna naloksan, wanda aikinsa shi ne toshe hanyar sinadaran kashe zafi. Sai zafin ya dawo. Ashe jikin mutum yana da nasa maganin zafi da yake haɗawa, kuma sa rai da samun sauƙi yana sa ƙwaƙwalwa ta sake shi. Wannan ya tuna mini da tsofaffinmu da ke cewa in ba a yi musu allura ba, ba su je asibiti ba. Muna yi musu dariya, amma yardar da suka yi da allura tana iya rage musu jin ciwo da gaske.

Sai dai a nan ne ya kamata mu buɗe ido, domin a nan ake ruɗar mutane. Jin sauƙi daban, warkewa daban.

A 2011 aka buga sakamakon wani gwaji da likitoci suka yi a birnin Bostan a kan masu ciwon asma. Kowane maras lafiya an gwada masa abubuwa huɗu a ranaku daban daban: wata rana maganin shaƙa na gaskiya, wata rana abin shaƙa da babu magani a ciki, wata rana tsira allurai na ƙarya, wata rana kuma a bar shi zaune ba a yi masa komai ba. Da aka tambaye su yadda suka ji, sun ce maganin gaskiya ya ba su sauƙi kusan kashi 50 cikin ɗari, abin shaƙa na wofi kuma kashi 45. Kusan kunnen doki ke nan. Amma likitocin ba su tsaya ga magana ba. Sun sa kowa ya hura iska cikin na'urar da ke auna ƙarfin huhu. Na'urar ta nuna maganin gaskiya ya ƙara iskar da ke fita da kashi 20, na wofi kuwa kashi 7 kacal, daidai da ranar da ba a yi musu komai ba. Wato bakin mutum yana cewa na ji sauƙi, huhunsa kuwa yana nan a matse yadda yake. Ku yi tunanin wanda zai dogara da wannan sauƙin ya ajiye maganinsa, sannan ciwon ya taso masa cikin dare lokacin hunturu, ƙura ta cika gari. Haka abin yake da zazzaɓin cizon sauro. Ƙarfin zuciya yana taimaka wa maras lafiya ya ci abinci ya yi barci, amma ƙwayoyin cutar da ke cikin jininsa ba su san yana da ƙarfin zuciya ba.

Tsoro ma yana yin nasa aikin, kuma yana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ranar 30 ga Janairun 1962, a wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke ƙauyen Kashasha a ƙasar Tanganyika, wadda yanzu ake kira Tanzaniya, 'yan mata uku suka fara dariya suka kasa dainawa. Ba dariyar daɗi ba ce, domin tana zuwa da kuka da rashin natsuwa. Abu kamar wasa ya kama ɗalibai 95 daga cikin 159, har aka rufe makarantar ranar 18 ga Maris. Da yaran suka koma gida, abin ya bi su ya shiga ƙauyukansu da wasu makarantu. Likitoci sun yi gwaje-gwaje ba su sami guba ko ƙwayar cuta ba. Masu bincike sun danganta abin da damuwa da matsin da yaran ke ciki. Yaran nan ba ƙarya suke yi ba, wahala suka sha ta gaske. Na kawo labarin ne don in wata ta faɗi a wurin taron safe, kada mu yi mata zobe muna ihu muna salati da kururuwa. A matsa, a ba ta iska, a kira malami. Ihun namu yana iya kayar da ta biyu da ta uku.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu a cikin fatar mutum yake faruwa. To wajen fata fa? Tunani zai iya motsa cokali da ke kan tabarma?

Ga gwajin da kowa zai iya yi lokacin tara. Ka nemi zare mai tsawon kamu ɗaya da rabi, ka ɗaura zobe ko makulli a ƙarshensa. Ka riƙe ɗaya bakin da yatsa biyu, ka ɗaga gwiwar hannunka kada ta jingina da benci. Ka ƙura wa zoben ido, kana cewa a zuci ya tafi dama ya dawo hagu, amma kada ka motsa hannu da gangan. Ga mutane da yawa, ba a daɗewa zoben zai fara lilo. In ka canza tunani ka ce ya yi kewaye, sai ya fara kewaye. Wanda bai san dawan garin ba zai rantse ƙwaƙwalwarsa ce ta tura zoben. Wani masani ɗan Faransa, Michel Chevreul, shi ma abin ya ɗaure masa kai, sai ya bi shi a hankali, ya kuma wallafa abin da ya gano a 1833. Da ya jingina hannunsa a kan wani abu, lilon ya ragu. Da aka ɗaure masa ido, lilon ya tsaya. Amsar ita ce yatsun mutum suna ɗan motsi ƙanƙane da shi kansa bai sani ba, ido yana yi musu jagora, zaren kuma yana girmama motsin. Ka rataye zaren nan a jikin ƙusa, ka koma gefe ka yi ta tunani har a buga ƙararrawar tashi, in babu iska zoben ba zai gusa ba.

A 1853 wata sara ta shigo Ingila: mutane su zauna su kewaye tebur, su ɗora hannuwa, sai teburin ya fara juyawa, su ce ruhohi ne ko wani ɓoyayyen ƙarfi. Michael Faraday, wanda muke jin sunansa a darasin lantarki, ya haɗa wata 'yar na'ura da ya sa tsakanin hannuwansu da teburin, mai ɗan tsinke da ke karkacewa in hannu ya tura. Tsinken ya nuna hannuwan ne ke turawa. Da aka bar mutanen suna kallon tsinken da idonsu, teburin ya daina tafiya. Abin da ya burge ni shi ne Faraday bai kira su maƙaryata ba. Ya yarda mutanen kirki ne, su ma ba su san suna turawa ba.

Akwai kuma waɗanda suka yi suna da wannan abu. Uri Geller ya shahara a duniya da cewa yana lanƙwasa cokali da ƙarfin tunani. A 1973 aka gayyace shi wani shirin talabijin na Amurka da Johnny Carson ke gabatarwa. Carson ya taɓa yin wasan rufa ido yana saurayi, don haka ya nemi shawarar wani gwanin rufa ido mai suna James Randi. Shawarar mai sauƙi ce: ku kawo cokulanku, kada ku bar shi ko mutanensa su taɓa su kafin a fara. Geller ya zauna gaban kayan ya yi ta jinkiri, daga baya ya ce ba ya jin ƙarfi a daren. Shi Randi ya sa kyautar kuɗi ga duk wanda zai nuna irin wannan baiwa a gaban masu sa ido. Ya fara da dala dubu ɗaya a 1964, kyautar ta kai dala miliyan ɗaya, mutane fiye da dubu suka nema, har aka rufe gasar a 2015 babu wanda ya ci. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wani zai ce ai ya ji an ce akwai masu sarrafa na'ura da tunani. Gaskiya ne. Wata mata a Amurka, Cathy Hutchinson, ta yi kusan shekara 15 ba ta iya motsa hannu ko ƙafa saboda shanyewar jiki. Masana na Jami'ar Brown suka dasa mata wata 'yar na'ura a ƙwaƙwalwa, ƙarama kamar ƙwayar magani, aka haɗa ta da kwamfuta, kwamfutar kuma da hannun ƙarfe. Ta yi tunanin ɗaukar gorar kofi, hannun ya ɗauko ya kai mata baki ta sha. An bayyana wannan ga duniya a 2012. Amma ku lura, akwai waya a tsakani. Injiniyoyi ne suka gina wa tunaninta sabuwar hanya a madadin jijiyoyin da suka daina aiki. A cire wayar, hannun ƙarfe ya tsaya cak.

Kada wani ya haɗa maganar nan da addu'a. Mai addu'a Allah yake roƙo, ya kuma san bayarwa da hanawa ba a hannunsa suke ba. Mai bidiyon nan kuwa cewa yake ƙwaƙwalwarka ce da kanta ke janyo dukiya kamar maganaɗisu. Maganganu biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Kuma malamanmu na Islamiyya da suka koya mana addu'a su ne suke ce mana mu tashi mu nema, mu sha magani in ba mu da lafiya.

Ƙofa ta biyu, wato aikin hannu, ba sai mun je Turai neman misalinta ba. Ga dam ɗin Bakolori nan kusa da mu. Akwai lokacin da babu shi sai a cikin kawunan mutane. Gulbin Sakkwato yana cika da damina ya yi ambaliya a fadama, da rani ya janye. Wasu suka yi tunanin a tare ruwan a riƙa sakinsa da rani. Tunanin ya koma zane a takarda, zanen ya koma lissafi, lissafin ya koma kwangila da aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya. An fara aiki a 1974, aka gama ginin a 1978. Bangon ya kai tsawon kilomita biyar da rabi, tafkin kuma yana iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. Yau shinkafar da ake nomawa da rani a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun, da kifin da ake kamawa a tafkin, duk sun samo asali daga wancan tunanin. Wannan shi ne tunani ya canza ƙasa da ruwa, canjin da ya fi lanƙwasa cokali sau dubu. Amma ya ɗauki shekaru, da katafila, da siminti, da gumin leburori, da kuɗi masu yawa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kuma dam ɗin yana da wani darasi mai ɗaci da kakanninmu suka fi mu sani. Masu zanen sun lissafa ruwa da ƙasa, amma ba su lissafa mutanen da ke zaune a wurin yadda ya kamata ba. Ruwa ya cinye gonaki da gidaje, an tayar da dubban iyalai, rigima ta tashi a kan diyya da rabon gonaki. Manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sanda, aka rasa rayuka da yawa. Abin da aka manta a kan takarda, mutane ne suka biya shi da jininsu.

Shi ya sa nake ganin maganar nan ta wuce gardamar gindin bishiya. Ɗalibin da ya yarda hango sakamako a zuci ya isa, zai rufe littafi ya kwanta yana kallon rufin ɗaki, ranar jarrabawar aji uku kuma ya tarar ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan mai sauƙi ne, shi kaɗai zai sha. Wanda ya fi muni shi ne idan aka juya maganar ta ɗaya gefen. In an yarda mugun tunanin wani yana iya kwantar da yaro, to da yaro ya kwanta sai a fara waige waige ana neman wa ya harare shi, wa ya yi faɗa da uwarsa. Galibi kuma a kan wadda ba ta da mai tare mata ake sauke zargin, tsohuwa ko bazawara ko baƙuwa. Ana can ana nuna yatsa, abin da ke cin yaron yana ci gaba da cinsa.

Jiharmu ta ga abin da ciwon da ba a gane ba yake iya yi. A farkon 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Abare, ƙananan yara suka riƙa amai da jijjiga suna mutuwa. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne, an ba da maganinsa, bai yi aiki ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka ɗebi jinin yaran aka kai ɗakin gwaji. Sai aka ga gubar dalma ce, mai yawan gaske. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna ɗauke da dalma. Ana kawo su cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu. Babu wanda ya yi musu mugun nufi. Iyayensu da ke son su fiye da kowa, masu yi musu fatan alheri dare da rana, su ne suke niƙa duwatsun don neman abin da za su ciyar da su, ba tare da sun san me ke cikin ƙurar ba.

Abin da ya rage mutuwar shi ne wani ya yi tambaya, wani ya auna jini, sannan aka ɗauki shebur. An kankare ƙasar saman tsakar gidaje gida bayan gida, aka kwashe ta aka binne nesa, aka zuba sabuwa. Aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Sannan aka ba yaran maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Dole sai an bi wannan jeri, domin in aka ba yaro magani ya koma ya zauna a kan ƙasa mai guba, dalmar za ta sake shiga jikinsa. Saboda haka yaran garin Bagega sai da suka jira har 2013, lokacin da aka saki kuɗin kwashe ƙasar garinsu, kafin likitoci su fara ba su magani.